Ba a Bar Gwadabe Ya Taka Ƙasa Ba

Har yau idan na ji wani yana yabon mutanen garinmu da zumunci sai in kau da kai. Suna da shi, ban musa ba. Zumuncin ne ma ya kayar min da ƙanena a bakin ƙofar masaƙa, ina tsaye da ludayi a hannu.

Sunana Ladi. Tun da mijina ya rasu nake sayar da shinkafa da wake a ƙofar wata masaƙa a Sharaɗa, inda ƙanena Gwadabe yake heluma, wato shi ne a kan duk masu tsayuwa gaban injinan saƙa. Daga wani ƙauye muke a ƙasar Gumel. Da ƙafa Gwadabe ya shigo Kano yana saurayi, takalminsa rataye a wuya don kada ya cinye. Da Allah ya ba shi gindin zama sai ya shiga janyo yaran gida ɗaya bayan ɗaya, ya sama musu aiki, ya kwantar da su a zaurensa a Ɗorayi, wasu har aure ya yi musu. Kusan rabin sashensa 'yan garinmu ne. Baffa suke ce masa, ni kuma Goggo.

To, daɗi ya zo. Ya sayi basfa shuɗiya, irin babur ɗin nan na masu hali, kuma daga ranar ya yi sallama da tafiyar ƙasa. Masallacin da ke bayan gidansa ma sai ya tayar da basfa. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana ya zo wurina ya ce a ƙara mai, da yamma ga balangu a takarda. Tumbi ya fito, wuya ya cika, 'yan garinmu suna kallonsa suna jin daɗi, don a wurinsu wannan tumbin na kowa ne. Idan sun je gida da shi suke alfahari.

Matarsa Atika ce ta fara tsegunta min cewa ba lafiya. Ƙeyarsa na sara, yana ganin jiri, idan ya sunkuya ɗaura takalmi sai ya ɗago yana haki. Ya je wurin likitan kamfani ya dawo ya yi gum, ya ce wai gajiya ce. Na san Gwadabe tun yana tsumma, don haka ranar komawarsa na rufe tukunyata na bi shi, yana ta mita ina yi kamar ban ji ba.

Likitan Ba'indiye ne, siriri, da malamin asibiti mai yi masa tafinta. Ya ɗaura wa Gwadabe abin awo a dantse, ya matsa, ya duba, ya girgiza kai. Tafintan ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Za a ba shi ƙwaya, amma ƙwaya ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Ya rage mai da gishiri, sannan ya ajiye abin hawa. Daga gida zuwa aiki da ƙafa, daga aiki zuwa gida da ƙafa, kullum, da sauri har sai ya yi gumi. Gwadabe ya yi dariya ya tambaya in bai yi ba fa.

“Wata jijiya za ta fashe a kanka,” in ji tafintan. “Ko ka mutu, ko rabin jikinka ya mutu ya bar ka da sauran.”

Wallahi ni ma baki na sake. Na ji an sha saiwa, na ji an yi ƙaho, na ji allura, amma ban taɓa jin an rubuta wa mutum tafiya ba. Mu da muka taso muna ganin tafiyar ƙasa ita ce wahalar da ake roƙon Allah ya raba mutum da ita. Sai dai na dubi kaina. Na girmi Gwadabe nesa ba kusa ba, kullum daga Ɗorayi nake takowa da tukunya a ka, ko ciwon kai ba na yi. Na dube shi yana share zufa don kawai ya hau matakalar asibiti. Nan take na yarda da Ba'indiyen nan.

Na san idan basfa tana ƙofar gida ba zai taka ko nan da can ba. Da muka koma na miƙa hannu na ce makulli. Ya ce, “Yaya, ni fa ba yaro ba ne.” Na ce na sani, yaro ai da tuni ya ji magana. Shi da kansa ya tura ta har gidan da nake haya, da rana tsaka, ba a tayar da ita ba, muka shigar da ita ƙuryar ɗakina na lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Mutane sun gan shi yana turawa. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Farkon abin da daɗi. Da sassafe kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka sai in biya masa mu kama hanya, ni a gaba da kayana, shi a baya yana huci yana tsine wa Indiya da mutanenta. Sai a hankali tsinuwar ta ragu. Ya fara kamo ni, ya fara wuce ni, har ya koma tsayawa yana min tsiya wai tsufa ya zo. Ciwon ƙeyar ya tafi. Atika ta ce yana barci kamar jariri, kuma sai da ta rage masa ƙugun wanduna. Da ya koma awo likitan har tafa masa kafaɗa ya yi.

Abin da ban lura da shi ba shi ne idon mutane. Shekarun matsi ne, zare ya yi wuya, kayan gyaran inji ba sa shigowa, kullum sai ka ji an sallami mutane a masana'antun Bompai ko an rufe wani sashe a Challawa. Kowa a tsorace yake. A irin wannan lokaci sai ga heluma guda, mai basfa, an gan shi ya tura ta an kai wani wuri ba ta dawo ba, yana takawa a ƙasa cikin leburori, ga shi kullum yana zubewa.

Akwai Lawan, ɗan wani ɗan'uwanmu, wanda Gwadabe ya ɗauko daga kiwon awaki ya koya masa inji ya yi masa aure. Duk cikinsu babu mai son Gwadabe kamarsa. Wata rana ya jira sai da masu cin abinci suka watse, ya zo ya tsuguna gefen murhuna, ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni ko lafiya Baffa yake tafiya a ƙasa. Na gaya masa komai tiryan-tiryan, hawan jinin, likitan, jijiyar da za ta fashe. Ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, “Haka ne, Goggo. Allah ya ƙara lafiya.”

Na san wannan fuskar. A garinmu idan mai mutunci ya shiga wani hali ba ya faɗa. Wanda babu hatsi a gidansa sai ya ce azumin nafila yake yi. Wanda ya sayar da dokinsa sai ya ce aro ya bayar. Kai kuma da ka ji ba ka ƙure shi, sai ka ce haka ne, ka koma ka san yadda za ka taimaka ba tare da ya ga hannunka ba. Ni kaina an yi min wannan fuskar lokacin da mijina ya rasu, da na ce don kada zaman banza ya dame ni nake dafa abincin sayarwa.

Na ce, “Lawan, basfar tana ɗakina. Tashi mu je ka gani da idonka.”

Ya dafe ƙirji kamar na zage shi. Ya ce haba Goggo, shi wane ne da zai je duba maganata, ai ya yarda. Ya miƙe ya tafi yana goge ido da hular aikinsa.

Washegari muna shan kwanar unguwa sai ga Lawan a kan babur ɗinsa, inji na ruri. Ya ce Baffa ku hau, wani inji ya cije, manaja na nemanku da gaggawa. Gwadabe ya ɗare suka bar ni da ƙura. Da na isa na tambaya, babu injin da ya cije. Kashegari wani ne daban, Tijjani, wai akwai maganar aure da yake so ya yi shawara da Baffa, kuma ba ta yiwuwa sai a kan hanya. Wanshekare direban motar kamfani ne ya ɓato hanya har ƙofar gida. Da yamma kuwa kafin jiniyar tashi ta rufe baki an riga an tsayar masa da abin hawa a bakin ƙofa. Ashe zama suka yi suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowa da ranarsa, kowa da ƙaryar da zai yi don kada Baffa ya ji kunya.

Na canza mana hanya, muka koma bi ta cikin gonaki mu ɓulla ta wajen layin dogo. Ba a daɗe ba muka tarar da Lawan a gindin wata darbejiya yana jira, wai ya zo duba gonar abokinsa.

Sai kuma kwanuka suka fara zuwa. Matansu sun ga Baffa ya rame, ai dole. Wannan ta aiko da farfesun kai, waccan da tuwo mai ya kwanta a kan miya, wata da fura an zuba mata sukari har cokali na tsayawa. Atika ta rasa yadda za ta yi, don mayar da kwano da abinci a ciki ai yanke zumunci ne.

Na tsare Gwadabe a zaure na zazzage shi. Ya ce, “Yaya, yaron da na yi wa aure ya tsaya gaban mutane ya ce in hau, in ce masa a'a? Ai na tozarta shi ke nan.” Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Na ga yadda yake gyara zama a bayan babur, na ga yadda yake buɗe kwanukan nan tun kafin mai aiken ya fita. Abin ya yi masa daɗi. Mutum ne da dama ba ya son tafiyar, sai ga gari guda ya taru yana roƙonsa kada ya yi.

Duk da haka na matsa masa sai da ya yi musu magana da bakinsa. Bayan sallar azahar a harabar masaƙa ya juyo ya ce likita ne ya sa shi tafiya, basfarsa tana nan, albashinsa yana nan, su daina wahalar da kansu. Aka ce Allah ya ba da lafiya. An ce wasu har da hawaye, wai dubi dattijo yadda yake rufa wa kansa asiri. Da yamma babura biyu ne suka jira shi maimakon ɗaya.

Washegari na fita hayyacina. Na tsaya a gaban tukunyata lokacin da layi ya fi tsawo, na ɗaga murya na ce kashe shi za ku yi, wallahi kashe shi za ku yi, ku bar min ƙanena ya yi tafiyarsa. Suka sunkuyar da kai suna haka ne Goggo, ki yi haƙuri Goggo. Daga baya matar Tijjani ta zo ta kama hannuna tana sa min albarka, wai kowa yana cewa samun 'yar'uwa irina sai an tona, wadda za ta yarda a ce ta haukace don dai kada a gane ɗan'uwanta ya karye. Ban taɓa sanin gaskiya za ta iya rasa mai saye haka ba.

Tumbi ya dawo, har ya fi na da. 'Yan garinmu suka yi ta hamdala. Ciwon ƙeya ma ya dawo, amma wannan ni da Atika kaɗai muka sani. Ƙwayar ma ya fara wasa da ita, kuma ya daina zuwa awo don kada likita ya yi masa faɗa.

Wata safiyar Talata ina zuba wa wani wake sai ga Lawan ya tsaya da Gwadabe a kan babur a bakin ƙofar masaƙa kamar kullum. Gwadabe ya sauko da ƙafar dama, ya ɗago ta hagu sai ta ƙi zuwa. Ya dube ni zai yi magana, na ga bakinsa ya ja gefe guda, yawu na zuba. Hularsa ta faɗi tukuna, sannan shi ya bi ta. Innalillahi. Ludayin yana hannuna har muka isa asibitin cikin gari, ban san da shi ba sai da wata ma'aikaciya ta zare min.

Ya rayu. Amma abin da tafintan ya faɗa bai bar ko harafi ba. Hannun hagu da ƙafar hagu sun tafi, magana kuma sai ka kasa kunne sosai.

Da la'asar 'yan garinmu suka cika barandar asibiti, sun yi jugum-jugum. Ina zaune a ƙasa na jingina da bango, Lawan ya zo ya durƙusa gabana idonsa jawur. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Sannan ya ce:

“Mu dai Allah ya gani mun yi iya yinmu, Goggo. Tun da muka gane halin da yake ciki, ƙafarsa ba ta sake taka ƙasa ba. Tafiyar nan da ya sha tun farko ita ce ta cinye shi. Da mun farga da wuri da ba a kai ga haka ba.”

Sauran suka gyaɗa kai. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda yake wasa. Na miƙe na ɗaura gyalena na ce duk wanda yake jin ni Goggonsa ce ya biyo ni, wanda ya tsaya kuma kada ya ƙara gaishe ni har abada. Wannan karon babu mai cewa haka ne. Muka cika motar kiya-kiya har Ɗorayi.

Na buɗe ɗakina na yaye tabarmar. Ga ta nan, shuɗiya, ƙura ta rufe ta, tayoyin sun sace, carbin Gwadabe na rataye a madubi inda ya bar shi. Na zaro makullin daga bakin zanina na jefa a ƙasa gabansu.

Tijjani ya sa yatsa ya shafi lambar, kamar mai tsammanin za ta goge ta zama wata. Lawan ya daɗe yana kallon carbin, sai ya juyo ya ce da ni a hankali, “Goggo, da gaske likitan ya ce ya yi tafiya?” Na ce da gaske. Ya ce, “Kullum?” Na ce kullum. Ya zauna daɓas a bakin ƙofa ya ɗora hannu biyu a ka. Na so in ji tausayinsa a lokacin, amma ban ji ba.

Da aka sallami Gwadabe, maganar likitocin can ma ɗaya ce da ta Ba'indiyen. In ana so ƙafar ta dawo ko da rabi ne, sai ya taka ta da kansa kullum. A tsaya kusa da shi, amma kada a ɗauke shi, kada a zame masa ƙafa. In ya faɗi a bar shi ya yi ƙoƙarin tashi, sai in ya kasa.

Aikin masaƙa ya ƙare masa. Tafiyarsa yanzu daga zaure ce zuwa katangar masallacin nan da yake zuwa a basfa. Safiyar farko na ajiye sana'ata na zo. Na tarar da Lawan a ƙofar gida, ya zo da ƙafa tun daga unguwarsu, ya bar babur ɗin a gida. Bai iya haɗa ido da ni ba.

Gwadabe ya fito da sanda, Atika na leƙe ta bayan labule. Ya jefa ƙafar dama, ya ja ta hagu tana shara ƙasa. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa riga tun bai bar inuwar zaure ba. Wajen tsakiyar hanya sandar ta zame, ya tafi a kan gwiwa, ya kife da hannu ɗaya. Lawan ya zabura. Gwadabe ya ɗago kai da karkataccen bakinsa ya ce, “Bari.” Lawan ya tsaya cak, ya mayar da hannayensa baya ya damƙe ɗaya da ɗaya, hawaye na bin fuskarsa.

Sai ga wani dattijo maƙwabcinsu ya fito daga lungu, mutumin kirki, shi ma ɗan wajenmu. Ya ga Gwadabe a ƙasa, ya ga ƙato tsaye a kansa ya goya hannu. Ya ce da Lawan wane irin ɗa ne kai, ubanka na birgima a ƙasa kana kallo. Lawan ya ce, “Baba, likita ne ya ce a bar shi ya tashi da kansa.”

Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya dubi gidan. Na ga fuskar nan ta sauko masa.

“Haka ne,” ya ce. “Allah ya ƙara lafiya.” Ya naɗe hannun riga ya sunkuya zai ɗauki Gwadabe.

Lawan ya sha gabansa. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya kalli babba ba ya buɗe hannuwa ya tare hanya, dattijon na ture shi yana kiransa marar albarka, mutane suna fitowa daga gidaje suna salati suna tambayar ɗan gidan wane ne wannan. Lawan bai matsa ba. A bayansa Gwadabe yana ta laluben sandarsa a cikin ƙasa.